Shawarwari 10 Don Gane Nau'i Da Girman Kan Tiyon Haidrolik Na Tarakta

A tsakiyar huɗa, tiyo guda ɗaya da ya fashe yakan ajiye tarakta kwana biyu ko uku, alhali ruwa ba ya jiran kowa. Sau da yawa ba tsadar kayan ce ke jawo jinkirin ba. A aika yaro kasuwa ya sayo kan tiyo, ya dawo da wanda a ido daidai yake, a ɗaura, mai ya ci gaba da tsiyaya. Taraktocin da ke gonakinmu daga ƙasashe daban-daban suka fito: Massey Ferguson ƙirar Ingila ko haɗin Pakistan, John Deere na Amurka, Mahindra da Sonalika na Indiya, YTO na Sin, ga kuma tsofaffin Steyr da aka haɗa a Bauchi. Kowace ƙasa da irin zaren da ta saba yanka wa ƙarfenta. Gidan da ke da tarakta, ko ƙungiyar manoma da ta yi karo-karo ta saya, ya kamata a samu mutum ɗaya da ya iya awo kafin saye.

1. Sauke ƙarfin mai kafin a taɓa sifana. A ajiye garma ko haro a ƙasa, a kashe inji, sannan a motsa libobin haidrolik gaba da baya sau da yawa. Man da ke cikin tiyon tarakta yakan kai ƙarfin matsi na bar 170 zuwa 200, kuma abin da bai kai bar 10 ba ma yana iya huda fata. Kada a bi tiyo da hannu ana neman inda yake yoyo. A kara guntun kwali. Idan mai ya tsira wa mutum a yatsa ko tafin hannu, a kai shi asibiti nan take ko da ramin bai fi tsinin allura ba, a kuma gaya wa likita man haidrolik ne. Irin wannan rauni tiyata yake buƙata cikin 'yan sa'o'i, jinkiri kuwa yana kai wa ga yanke yatsa.

2. A wanke, a ɗauki hoto, a toshe. Kafin a kwance, a goge wurin da burushi da ɗan man gas, a ɗauki hotonsa da waya yadda yake a ɗaure. Bayan an kwance, a rufe bakin da ya rage a jikin tarakta da leda mai tsabta a ɗaure. Yashi kaɗan ya isa ya cinye famfon haidrolik, kuma kuɗin famfo ya ninka na tiyo nesa ba kusa ba.

3. A fara duba inda yake tare mai, ba zaren ba. Wannan shi ne rabin aikin. A ɗauki namijin, wato mai zare a waje, a dubi bakinsa:
Idan bakin ya yi tsini zuwa waje kamar an fiƙe shi, galibi JIC ne, mai kusurwar digiri 37.
Idan bakin a shafe yake, da zoben roba a cikin kwarmi a fuskarsa, ORFS ne, wanda ake yawan gani a John Deere.
Idan zoben robar yana can gindin zare, inda yake haɗuwa da kan sifana, ORB ne. Irinsa ne ke shiga jikin famfo ko bawul.
Idan bakin ya loɓa ciki da faɗi, BSP ne mai kwarmin digiri 60, ko kuma wanda ake sa wa washa mai roba a tsakiya.
Idan loɓawar siririya ce mai zurfi, da wurin zaman bututun ƙarfe a ciki, na milimita ne irin na Jamus, mai digiri 24.

4. A tantance ko zaren miƙaƙƙe ne ko mai sirancewa. A auna kaurin zaren a baki, a sake aunawa kusa da gindi. Idan awon ɗaya ne, miƙaƙƙe ne, kuma ba zaren ne ke tare mai ba, roba ce ko haɗuwar ƙarfe da ƙarfe. Idan baki ya fi gindi siranta, to NPT ne na Amurka ko BSPT na Ingila, waɗanda ke toshe mai ta hanyar matsewar zaren kansa.

5. A auna kauri da ma'auni, kada a yarda da sunan. Ma'aunin baniya, wanda masu injin yankan ƙarfe ke auna kauri da shi, ya cancanci zama a akwatin kayan aikin kowace tarakta. Abin da ke ruɗa mutane shi ne sunan BSP da NPT ba kaurin zaren ba ne. Ga awon namiji daga waje:
BSP 1/4, milimita 13.2, BSP 3/8, milimita 16.7, BSP 1/2, kusan milimita 21, BSP 3/4, milimita 26.4.
NPT 1/4, milimita 13.7; NPT 3/8, milimita 17.1; NPT 1/2, milimita 21.3.
JIC da ORB kuwa zarensu ɗaya: 9/16 milimita 14.3 ne, 3/4 milimita 19 ne, 7/8 milimita 22.2 ne.
Na milimita shi ne mai sauƙi, domin M18 milimita 18 ne. Idan macen ce a hannu, awon cikinta zai gaza na namiji da kusan milimita ɗaya da rabi zuwa biyu.

6. A ƙirga haƙoran zaren. Akwai ɗan ma'auni mai ganyayyaki masu haƙora kamar mataji. Ana kara su ɗaya bayan ɗaya har a samu wanda ya zauna ba haske a tsakani. Idan babu shi, a danna zaren a kan takarda ya yi shaida, a auna tazara biyar da rula mai kyau. Zaren milimita 1.5 zai ba da 7.5. Mai haƙora 19 a inci, wato BSP 1/4 da 3/8, zai ba da 6.7. Mai 18, wato NPT 1/4 da 3/8 da JIC 9/16, zai ba da kusan 7. Mai 16, kamar JIC 3/4, kusan 8 ne. Mai 14 kuwa 9 da ɗigo.

7. A kiyayi masu kama da juna. Kama da wane ba ta wane. BSP 1/2 da NPT 1/2 duk haƙora 14 suke da su a inci, amma kusurwar haƙorin na farko digiri 55 ce, ta na biyu 60. Za su shiga juna zagaye biyu ko uku su cije, kuma ba za su riƙe mai ba. M14 da JIC 9/16 ma haka suke yaudarar ido. A na Jamus, zare ɗaya yakan zo da bututu iri biyu: M18 yana iya zama 12L, mai bututun milimita 12, ko 10S, mai bututun milimita 10 na aiki mai nauyi, don haka sai an auna bututun ma. Akwai kuma mai tsinin digiri 45 da ke shiga zaren JIC a wasu girman amma bakinsu ba ya haɗuwa. Ƙa'idar ita ce: kan da ya dace yana tafiya da hannu cikin sauƙi zagaye da yawa. Idan tun farko sai da sifana, a tsaya.

8. A karanta rubutun jikin tiyo. Lambar da ke bayan ɗan layi tana nuna faɗin ramin ciki a kason inci goma sha shida: -6 shi ne 3/8, -8 rabin inci, -12 kuwa 3/4. Alamar 2SN ko R2 tana nufin saƙar waya biyu ce a ciki, 1SN ko R1 waya ɗaya. Kada a maye gurbin mai waya biyu da mai ɗaya don rangwamen kuɗi, kuma kada a ɗaure kan tiyon haidrolik da kilif ɗin tiyon ruwa ko waya. Da inji ake matse shi.

9. Farin tef ba maganin kowane yoyo ba ne. Zare mai sirancewa kaɗai ake naɗa wa tef, shi ma a bar haƙora biyu na farko ba tef, domin guntunsa kan shige cikin mai ya toshe bawul. JIC, ORFS, ORB da miƙaƙƙen BSP ba sa son tef ko kaɗan. Idan suna yoyo, a duba zoben roba, ko washa, ko tsagewa a bakin. A kan JIC, yawan ɗaurewa shi ke tsaga bakin macen. A riƙe da sifana biyu lokacin ɗaurewa don kada tiyon ya murɗe.

10. A tafi da tsohon, a ajiye bayani. Ko Ƙofar Ruwa za a je a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko shagon garinku, a ɗauki tsohon tiyon gaba ɗaya, har da abin da yake ɗauruwa a kai in zai yiwu, a gwada a gaban mai shago. Kada a dogara da ƙasar da aka ƙera taraktar kawai, domin tsohuwar tarakta ta bi hannun makanikai da yawa, kuma garma ko tirelar da take ja wata ƙasar ce ta yi su. Haka bakunan bayan tarakta da ake cusa tiyon tirela: yawancinsu rabin inci ne nau'in ISO A, kuma ba sa karɓar nau'in B ko mai shafaffen baki. Duk kan da aka gane, a rubuta a littafi: inda yake, nau'insa, girmansa, tsawon tiyon.

Mafi dacewar lokacin wannan aiki shi ne rani, sa'ad da tarakta ke hutawa. A bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya, a canza wanda robarsa ta tsattsage ko wayarsa ta fito, a tanadi zobban roba da washa masu girman da aka rubuta, da tiyo ɗaya ko biyu na wuraren da suka fi wahala. Wanda ya yi haka, ran da tiyo ya fashe a gona waya kawai zai buga ya faɗi lamba, a kawo masa abin da ya dace tun a tafiyar farko.