Darasi: Ruwan Sama Ya Yi Yawa, Ruwan Sha Ya Yi Kaɗan

Duk mazaunin Nima ko Maamobi ya san daren da babbar kwata kan tumbatsa ta shiga gidaje. Ya kuma san safiyar da famfo kan ƙafe, mata da yara su ɗauki jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor su bazama neman ruwa. Darasinmu na yau zai nuna yadda sauyin yanayi ke ƙara tsananta matsalolin biyu.

Daga ina ruwanmu yake zuwa?

Mafi yawan ruwan famfon Akra daga wurare biyu ake tace shi: Weija a kan kogin Densu, da Kpong a kan kogin Volta. Shi kuwa Volta, manyan rassansa daga Burkina Faso suke gangarowa. Saboda haka, idan damina ta gaza a arewa, Gana ta kudu ma sai ta ji a jikinta.

Abin da ɗumamar duniya ke yi

Idan zafi ya ƙaru, ruwan tafki da na kogi kan ƙafe da sauri. Iska mai ɗumi kuma takan riƙe danshi mai yawa, sannan ta zubar da shi a lokaci guda kamar da bakin ƙwarya. Gana ta ga fuskokin biyu. A 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya har aka shiga rabon wutar lantarki. A 2023 kuwa ya cika har aka buɗe ƙofofinta, ruwa ya mamaye garin Mepe, dubban mutane suka bar gidajensu. A Akra, ambaliyar 3 ga Yuni 2015, tare da gobarar gidan mai kusa da Kwame Nkrumah Circle, ta hallaka mutum sama da 150. Ruwa ba ya tsami banza: sharar da ke toshe magudanai ita ma tana da nata laifin.

Yadda cuta ke shiga

A zango, bututun ruwa da yawa ta cikin kwata suke bi. Idan aka ɗauke ruwa, ƙazanta kan tsiyaya ta wurin da bututu ya tsage. Idan ambaliya ta zo, takan kwashi najasar masai ta zuba a rijiyoyi. Ta irin wannan hanya kwalara da taifod ke yaɗuwa. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a Gana, akasarinsu a yankin Akra.

Abin da kowane gida zai yi

1. Bayan ambaliya, ko idan famfo ya dawo, a tafasa ruwan sha ya yi ta ɓarɓara na minti 1, ko a sa ƙwayar Aquatabs a jira minti 30.
2. A wanke jarka da randa, a rufe su, a ware moɗa guda mai tsabta.
3. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida.
4. Kada a zuba shara a kwata.
5. Mai amai da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sannan a garzaya da shi asibiti.

'Yan uwa, rigakafi ya fi magani. A isar da wannan darasi ga maƙwabta, a masallaci da makaranta, tun kafin hadarin damina ya haɗu.