Fatsar Giwan Ruwa: Zaɓen Gora da Zare da Ƙoto

Darasi domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ta taɓa bakin Kogin Kaduna, kamar Rigachikun da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan Hakimi da fatsa, abin da yara ke yi bayan an tashi makaranta? To, ruwansa babba ne. Irin kayan da mai su ya riƙa shi ne ke nuna irin kifin da zai kashe. Wanda ya zuba guba ya kashe babba da yaro. Wanda ya shimfiɗa kalli mai ƙananan idanu ya kwashe 'ya'yan da za su zama kifin baɗi. Amma mai fatsa, in ya san yadda zai zaɓi kayansa, kifi guda zai ɗauka, babba, ya bar sauran su girma. Saboda haka kamata ya yi shugaba ya san wannan ilmi, don ya iya ba talakawansa shawara sa'ad da suka zo gare shi.

1. Sanin kifin tukuna

Kafin a sayi kaya sai a san abokin karawa. Giwan ruwa shi ne mafi girma cikin kifaye masu ɓawo da ke kogunanmu. Yana cikin Kwara da Binuwai da rassansu, da Tafkin Chadi, da Kogin Nilu. Wanda ya daɗe a ruwa yakan kusa mita 2 a tsawo, nauyinsa ya doshi kilo 200, ko da ya ke irin wannan ba kowa ke ganinsa ba a zamaninsa. Shi ne kifin da akan ci gasa da shi a bikin su na Argungu, wanda aka fara a 1934.

Abincinsa kifi ne ɗan'uwansa: kawara, da karfasa, da duk wani ƙarami da ya gifta. Ƙanana sukan zauna cikin ciyawar bakin ruwa, manya kuwa sukan koma gurbi mai zurfi, gindin dutse ko ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, su yi kwanto. Ya fi farauta da asuba da kuma gab da faɗuwar rana. In ya ji ƙugiya yakan yi tsalle sama ya girgiza kai don ya tofar da ita, in bai sami sa'a ba ya nutsa ya nufi duwatsu. Gefen murfin kunnensa kuma yana da kaifi, yana yanke zare. Duk zaɓen da za mu ambata a nan gaba, daga waɗannan halaye nasa ya fito.

Akwai wani kuskure da ya kamata malamai su faɗakar da samari a kansa. Da yawa daga kayan fatsa da ake shigowa da su an yi su ne domin wani kifi na Amurka da ake kira bas, wanda ba shi cikin Kogin Kaduna. Ya yi kama da giwan ruwa wajen hali, gama shi ma kwanto ya ke yi ya cafke ƙanana, amma girmansu ba ɗaya ba ne. Bas ɗin da ya yi suna saboda girma, wanda aka kama a Jihar Jojiya a 1932, nauyinsa kilo 10 ne da ɗan kai. Giwan ruwa mai kilo 10 kuwa bai ko fara girma ba. Wanda ya ɗauki kayan bas ya tari babban giwan ruwa, ya yi hasarar kuɗinsa, ya kuma bar kifi da ƙugiya a baki.

2. Gora

Aikin gora biyu ne: ta kai ƙoto nesa, ta kuma lanƙwasa sa'ad da kifi ya fizga don kada zare ya tsinke. Goran da ba ya lanƙwasa ko kaɗan zai tsinke zare, wanda ya cika laushi kuma ba zai iya juyo da kan kifi daga dutse ba. Abin da ake nema shi ne mai taurin gindi da laushin kai.

Gorar daji ta isa ga karfasa da kurungu da matsakaicin tarwaɗa. A saro ta da rani, wadda ta ƙosa, a shanya ta a inuwa a miƙe har ta bushe. In an shanya ta a rana sai ta tsage. Kada a ƙulla zare a tsinin kai kaɗai. A ja shi har gindi a ɗaure, don in kan ya karye kifi ba zai tafi da zaren ba.

Ga giwan ruwa kuwa gorar daji tana da aibi guda, watau ba ta da ajiyar zare. In kifi ya yi gudu, babu abin da za a sakar masa. Don haka ne aka yi gorar kanti mai ɗan injin naɗi a gindinta, kamar kwarkwaron masaƙi. Wanda zai saye ta ya nemi mai tsawon ƙafa 7 zuwa 8, injin kuma ya ɗauki zare aƙalla mita 150. Waɗannan gorori iri biyu ne. Akwai ta zaren gilas, tana da ɗan nauyi amma tana jure wahala, kuɗinta kuma da sauƙi. Ita ce ta fi dacewa da mai koyo. Akwai kuma ta kabon, marar nauyi, mai tsada, mai saurin karyewa in ta bugi dutse. Ita wannan wutar lantarki tana bin ta, saboda haka kada a ɗaga ta kusa da wayar wuta ko sa'ad da hadari ya taso.

Kafin a biya kuɗi a duba abu uku. A shafa cikin zobban da zare ke bi, in akwai kaushi zai cinye zaren. A lanƙwasa gorar a hankali a saurara ko za a ji ƙara. Sa'an nan a ja zare daga injin a ga ko birkinsa yana saki sumul, ba tare da cijewa ba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta kama kifi. Wanda ba shi da halin sayen gorar kanti ya naɗe zare mai kauri a guntun katako ya yi fatsar hannu kamar yadda masunta suka saba, sai dai kada ya kuskura ya naɗa zaren a yatsa ko a wuyan hannu.

3. Zare

A jikin kowane ƙunshin zaren roba akan rubuta ƙarfinsa da fam, watau nauyin da zai ɗauka kafin ya tsinke. Fam guda ya gaza rabin kilo kaɗan. Ga karfasa da kawara, mai fam 6 zuwa 10 ya isa. Ga tarwaɗa, mai fam 15 zuwa 20. Ga giwan ruwa a wuri mai duwatsu, kada a gaza fam 30, har zuwa 50. Ba lalle ne ƙarfin zare ya kai nauyin kifi ba, domin kifi cikin ruwa ba ɗaga shi ake yi ba, gajiyad da shi ake yi. A saita birkin inji ya fara saki tun ja bai wuce sulusin ƙarfin zaren ba.

A ƙarshen zare a ƙulla wani guntu mai kauri ninki biyu, tsawon kamar mita guda, saboda kaifin kunnen kifin da gogar dutse. Inda tsage ya yi yawa sai a sa 'yar siririyar waya, gama haƙoransa ba su barin roba.

Abu biyu ke kashe zare, rana da ƙulli. Zaren da aka bari a rana yakan bushe ya yi rauni, ko da ido bai gani ba, don haka a ajiye shi a inuwa, a sake shi kowace shekara. Ƙulli kuma shi ne wuri mafi rauni a jikinsa. A jiƙa shi kafin a tsuke. Bayan kowane kamu a bi zaren da yatsa, in an ji ƙarce a yanke wurin. Wanda aka yanke kada a yar da shi a bakin kogi, domin ba ya ruɓewa, yana sarƙe ƙafar tsuntsaye da ta dabbobin da suka zo shan ruwa.

4. Ƙoto da ƙugiya

Ƙoto shi ne abin da ake sa wa ƙugiya don a yaudari kifi. Tana da gara da tuwo na ƙananan kifaye ne. Giwan ruwa ba ya kula su, sai abin da ke motsi.

Mafi kyau duka shi ne kifi mai rai, kawara ko 'yar karfasa mai tsawon tafin hannu. A soka ƙugiya a bayanta, ƙarƙashin ƙayar baya, a kiyaye ƙashin tsakiya don kada ta mutu, a sake ta ta yi iyo kusa da gurbi.

Sai ƙoton ƙarya, wanda ake jefawa a jawo. Akwai mai kamar bakin cokali, na ƙarfe, yana walƙiya yana rangaji cikin ruwa kamar kifi mai rauni; maƙerin gari yana iya ƙera shi. Akwai kuma mai siffar kifi, na itace ko na roba, da ɗan harshe a gaba wanda ke sa shi nutsewa in an ja. Mai dogon harshe ya fi nutsewa. Ƙugiyoyin da ke zuwa da irin na bas sukan miƙe a bakin giwan ruwa, sai a cire su a sa masu ƙarfi.

Lokaci ne ke nuna wanda za a zaɓa. Da damina, musamman Agusta da Satumba, kogi ya cika ya yi ja, kifi ba ya gani sosai, fatsa ba ta da riba, bakin ruwa kuma da haɗari. Daga Nuwamba ruwa yakan fara garewa, nan ne ƙoton ƙarya ke aiki: mai farin ƙarfe in ruwa ya yi garau, mai launin jan ƙarfe ko rawaya in da sauran dauɗa. Cikin tsananin hunturu kifi yakan yi sanyin jiki, a ja a hankali. A Maris da Afrilu ruwa ya janye, kifi ya taru a gurabu, a riƙa tafiya a hankali a bakin gaɓa, kada inuwa ta faɗa ruwa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Girman ƙugiya shi ne abin da ya fi shafar Hakimi. Babbar ƙugiya da babban ƙoto ba su shiga bakin ƙaramin kifi. Namijin giwan ruwa ba ya isa haihuwa sai ya kai wajen santimita 50, watau kamu guda da ɗan kai, mace kuwa sai ta wuce haka sosai. A Tafkin Biktoriya, inda aka zuba wannan kifi cikin shekarun 1950 har ya zama babban abin ciniki, sai da ƙasashen Yuganda da Kenya da Tanzaniya suka yi ƙa'idar hana kama wanda bai kai santimita 50 ba. Wanda bai kai kamu guda ba, a jiƙa hannu, a cire masa ƙugiya, a mai da shi ruwa.

5. Aikin Hakimi da malaminsa

Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Magimfa da maganin ƙwari duk guba ne, ruwan da aka zuba su kuma shi mutane da shanu ke sha a gangare. Amma hani kaɗai ba ya ciyad da mutum. In an hana saurayi guba, a nuna masa hanyar da zai sami na cefane, fatsa kuwa tana cikinsu.

Saboda haka ana roƙon Hakimi ya tara dagatai da masu unguwa da Sarkin Ruwa tun kafin ruwa ya janye, a karanta musu wannan darasi. A yanka sanda mai tsawon santimita 50 a ajiye wurin Sarkin Ruwa ta zama ma'auni. A kuma gargaɗi masu fatsa su yi ta daga tudu, gama tsayuwa cikin ruwa mai kwanciya ita ke kawo tsargiya. Malami kuma ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta ranar kamu, da wurin, da irin kifin, da tsawonsa, da ƙoton da aka yi aiki da shi. Bayan shekara biyu ko uku littafin nan zai nuna ko kifin ƙasarku ƙaruwa ya ke yi ko raguwa, ya kuma zama hujja a hannun Hakimi in ya je gaban ma'aikatan kifi na Jiha.

Tambayoyi

1. Me ya sa kayan da aka yi domin bas ba su isa ga giwan ruwa?
2. Waɗanne abubuwa uku za a duba kafin a sayi gorar kanti?
3. Wane ƙoto ya dace da watan Disamba, don me?
4. Yaya girman ƙugiya ke tsare kifin baɗi?