Darasin Tsarin Sauti A Bakin Tafkin Nguru

'Yan'uwa ɗalibai, musamman ire-irena waɗanda ba a nono muka sha Hausa ba, wannan ɗan rubutu naku ne. Yarbanci ne harshena na farko, kuma babu abin da ya ba ni wuya tun shigowata wannan sashe kamar baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A takarda na san su sarai. A baki kuwa sai abin ya gagara, har na kusa faɗuwa jarrabawar tsarin sauti. Ganin haka ne wani abokin karatuna ya ce in bi shi gida Nguru mu yi hutun hunturu tare.

Nguru gari ne a arewacin Jihar Yobe, inda layin dogo daga Kano ya tsaya a 1930. Akwai Mangawa da Badawa da Fulani da Hausawa, amma Hausa ce ta haɗa kowa a kasuwa. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin ba ni kaɗai ne ɗan koyo ba. A gefen garin akwai tafki da fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000.

Wani dattijo masunci, maƙwabcin masaukina, shi ya zama malamina. Ranar farko da muka shiga kwalekwale, na hango wata ƙatuwar tsuntsuwa mai kama da agwagwa. Na san sunanta a ƙamus, kuma don in nuna na iya, sai na maƙale harshe na ce, "Baba, ga ɗinya can ta tashi!" Ya ajiye sandar tuƙi ya dube ni ya ce, "Yaro, a garinku itatuwa tashi suke yi?" Ashe tsuntsuwar dinya ce, da d sake. Ɗinya kuwa bishiya ce mai baƙaƙen 'ya'ya da ake yin maɗi da su. Shekara biyu ina tsallake lanƙwasa, ranar da na sa ta kuma na sa ta inda ba gurbinta ba.

Darasi na biyu ya fi wannan zurfi. Da sanyi tsuntsaye masu ɗimbin yawa kan taso daga Turai su tsallake Sahara su sauka a waɗannan fadamu, har zuwa Dagona da ke wajen Gashuwa. Da na ji ana cewa "baƙin tsuntsaye" sai na yi ta neman masu baƙin gashi. Ga yadda abin yake:

baƙin tsuntsu: mai launin baƙi
baƙaƙen tsuntsaye: jam'insa ke nan
baƙin tsuntsaye: waɗanda suka zo baƙunci
jan-baki: a nan k ce sake, domin bakin tsuntsun ake nufi

Jan-baki ɗin nan manoma ba sa son jin sunansa. Yakan fake cikin kacala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Calawa sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, daga nan ya afka wa shinkafa da gero. Baba ya ce kacalar ta cinye masa wuraren da ya saba kama tarwaɗa da karfasa, kuma da ya faɗi haka bai yi dariya ba.

Dabarar da na samu ita ce, kada a haddace sauti shi kaɗai. A nemi kalmomi biyu masu kama da juna, a ga abin da kowace ke nufi da ido, sannan a faɗa a gaban mai harshen da ba zai ji nauyin yi maka dariya ba. Abokan aji kara suke yi mana, kuma a ganina karar nan ce ke cutar mu.

Ranar da zan taho, wani tsuntsu mai dogon wuya ya sauka a bakin ruwa. Baba ya nuna shi da haɓa bai ce komai ba. Na ce, "Zalɓe." Ya ce, "Sake dai." Sai da na faɗa sau uku kafin ya tura kwalekwalen.