AWON JININ YARO BAYAN AIKIN ZUCIYA: KADA LAMBA TA RUƊE KU



Darasin yau na iyayen da aka yi wa ɗansu aikin zuciya ne, musamman yaron da aka haifa da tsukewar babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya zuwa jiki. An yi aiki lafiya, an sallame ku, an ce a riƙa auna jininsa. To ya ake karanta lambar?

*1. Awon yaro ba na babba ba ne.* Shekarunsa da tsawonsa ake dubawa. 120/80 da babba zai yi murna da ita, ga ɗan shekara 3 ta yi yawa. Daga shekara 13 ne ake lissafi irin na manya, inda 130/80 ta shiga hawan jini.

*2. Abin da ake ɗaurawa a dantse ya zama daidai hannunsa.* In ya yi masa ƙanƙanta, lamba za ta hau. In ya yi girma, za ta sauka. Duk ƙarya ce.

*3. A auna a hannun dama.* Wani aikin ana amfani da jijiyar hannun hagu wajen gyaran, sai awon hagu ya riƙa nuna ƙasa alhali jinin ya hau. Ku tambayi likitanku wane hannu ya dace da yaronku.

*4. A haɗa da ƙafa.* A mai lafiya, awon ƙafa daidai yake da na hannu ko ya ɗan ɗara. Idan lambar sama ta hannu ta fi ta ƙafa da 20 ko fiye, mai yiwuwa wurin ya sake tsukewa. A koma asibiti.

*5. Kada a auna yana kuka* ko ya gama guje-guje. Ya huta minti 5 tukuna, kuma a maimaita.

Abin lura: hawan jini kan dawo bayan shekaru, ko da aikin ya yi kyau, kuma sau da yawa yaro ba ya jin komai. Don haka kar a daina zuwa ganin likita don an ga yana wasa. Kar kuma a ajiye maganin asibiti a koma zoɓo ko tafarnuwa.

In kun ga numfashi da ƙyar, leɓe ya yi shuɗi, ko suma, ku bar awo, a garzaya asibiti.

Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Allah Ya ba yaranmu lafiya.