Darasi Daga Gonakin Bangladesh

Jama'a, darasinmu na wannan mako a kan ƙasar Bangladesh ne, wadda faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin shida na Nijeriya ba.

Sa'ad da ta sami 'yancin kai a 1971, mutanenta kimanin miliyan 70 ne. A 1974 ambaliya da tsadar hatsi suka jawo yunwa, mutane masu ɗimbin yawa suka halaka. Da aka yi ƙidaya a 2022, sai aka tarar sun haura miliyan 160. Duk da haka shinkafar da suke nomawa ta ninka fiye da sau uku.

To, yaya aka yi? Da fari dai, masana sun samar da iri mai yawan yabanya, har da mai jure wa ambaliya. Na biyu, manoma sun haƙa rijiyoyin burtsatse suka rungumi noman rani, wanda yanzu ke ba da fiye da rabin shinkafarsu. Na uku, an sa 'yan mata a makaranta, haihuwa kuma ta ragu daga 'ya'ya shida ko bakwai ga mace guda zuwa wajen biyu.

Amma fa akwai abin lura. A arewa maso yammacin ƙasar ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ta ja da baya saboda yawan ɗiba, a bakin teku kuwa gishiri yana cin gonaki. Ashe ke nan ruwa amana ne, wanda ya yi almubazzaranci da shi abincin jikokinsa ya ci.

Allah Ya sa mu dace, amin.