Yadda Ƙaramar Tasha Kan Danne Babba: Darasi Kan Katsalandan a Zangon FM

Duk wanda ya saba sauraron rediyo a birnin Katsina ya san wannan abu. Mutum na zaune a shago a Ƙofar Ƙaura yana jin labaran rana, sai kwatsam wata murya ta faɗo a kan ta mai karanta labarai, su yi ta kokawa na ɗan lokaci, daga nan ɗaya ta ɓace. Ya juya akwatin rediyo ya fuskanci gabas, tashar farko ta dawo. Ya ɗan matsa, ta sake kuɓucewa. Yawancin mutane kan ɗora laifin a kan batir ko tsufan akwati. Sau da yawa kuwa akwatin lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne tashoshi biyu sun yi karo a sararin sama, kuma wadda ta yi rinjaye ba lalle ba ne ta kasance wadda ta fi ƙarfin na'ura.

Sararin da ake rabawa

Muryar mai gabatar da shiri ba ta tafiya ita kaɗai. Ana ɗora ta ne a kan igiyar rediyo, wadda ke kaɗawa sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya. Kaɗawa ɗaya a daƙiƙa ita ake kira haz, domin tunawa da Bajamushen masani Heinrich Hertz, kaɗawa miliyan ɗaya kuma megahaz. Idan aka ce gidan rediyon Companion FM na Katsina yana kan 104.5, ana nufin igiyarsa tana kaɗawa sau 104,500,000 a kowace daƙiƙa.

Igiyar tana gudu da saurin haske, wato kimanin mita 300,000,000 a daƙiƙa. Idan aka raba wannan adadi da yawan kaɗawa, sai a sami tsawon igiya guda. A kan megahaz 100, tsawon mita 3 ne. Kashi ɗaya cikin huɗu na wannan shi ne santimita 75, kuma ɗalibin da ya auna eriyar da ake zarowa daga akwatin rediyo zai tarar tsawonta bai yi nesa da haka ba. Ba a banza aka yanke ta haka ba.

Filin da aka keɓe wa zangon FM ya tashi ne daga megahaz 87.5 zuwa 108. Faɗinsa megahaz 20.5 ke nan, ba ƙari. Kowace tasha kuma ba ta tsayawa cak a kan lambarta: sautin da aka ɗora wa igiyar yana jan ta sama da ƙasa har kilohaz 75 ta kowane gefe, don haka tana bukatar gurbi mai faɗin kusan kilohaz 200. A takarda, gurabe ɗari da 'yan kai ne. A aikace, ba a jera tashoshin gari ɗaya kafaɗa da kafaɗa, sai an bar fili tsakaninsu, kamar yadda ake barin burtali tsakanin gonaki. Wannan kaɗai ya rage guraben zuwa rabi, kuma ƙauyuka da garuruwan maƙwabta su ma suna da rabo a ciki.

Dalilin kafa ƙananan tashoshi

Igiyar matsakaicin zango tana bin doron ƙasa, da dare kuma takan daki saman sararin samaniya ta dawo, shi ya sa tun bayan kafa shi a 1962 gidan rediyon Kaduna ya riƙa isa lunguna masu nisa. Igiyar FM ba haka take ba. Kusan miƙe take tafiya kamar hasken tocila, ƙasa kuwa mai lanƙwasa ce, don haka akwai inda igiyar za ta wuce ta saman kan mai sauraro.

Akwai lissafi mai sauƙi na kimanta wannan nisa: a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawon hasumiya a ma'aunin mita, a ninka da 4, sai a sami kilomita. Hasumiya mai mita 100 za ta kai kimanin kilomita 40. Tsawon eriyar mai sauraro da ƙarfin na'ura sukan ƙara wani abu a kai, amma ba su mayar da 40 ta zama 200. Ke nan tashar da ke cikin Katsina za ta isa Jibiya, ta taɓo Dutsinma da ƙyar, Funtuwa kuwa, mai nisan kusan kilomita 200, ba zancenta. Wanda ke son nunka nisan nan sau biyu sai ya nunka tsawon hasumiya sau huɗu, abin da aljihu ba ya ɗauka.

Hanya mafi arha ita ce a kafa wata ƙaramar na'ura a can inda shirin ba ya isa, ta karɓo shi daga uwar tasha, ta sake watsa shi a kan wata lamba dabam. Ba ta da ɗakin shirye-shirye, ba ta da ma'aikatan labarai. Abin da aka faɗa mata shi take faɗa. Ana iya kiranta 'yar aike. Dole ta sauya lamba, domin in ta watsa a kan lambar da take karɓa, sai ta riƙa jin kanta da kanta, kamar lasifikar da aka kusanto wa makirfo ta kama kuwwa.

Kusanci ya fi ƙarfi

A nan ne gaɓar darasin take. Ƙarfin igiya yana raguwa da nisa, kuma ba a hankali yake raguwa ba. A fili fetal, in nisa ya ninku sau 2, ƙarfi ya ragu sau 4. In ya ninku sau 10, ƙarfi ya ragu sau 100.

A ɗauka akwai babbar tasha mai wat 20,000 a nisan kilomita 40 daga mai sauraro, da kuma 'yar aike mai wat 250 kacal a nisan kilomita 1. Babbar ta fi ƙaramar ƙarfi sau 80. To, amma 40 sau 40 ya ba da 1,600, in kuma aka raba 20,000 da 1,600 sai a sami 12.5. Ƙaramar tana nan da 250 ɗinta. Abin da ke isa akwatin wannan mutum daga ƙaramar ya fi na babbar sau 20. Sai ya yi tafiyar kilomita 4 zuwa 5 daga gindin ƙaramar kafin su yi kunnen doki. Kuma wannan lissafi ma sassauci ya yi wa babbar, domin gine-gine da bishiyoyi da duwatsu sun ci rabonsu a kan hanyarta mai tsawo. Da'ira mai kilomita 4 ta kowane gefe, in aka zana ta daga Ƙofar Soro, za ta lulluɓe tsohon birni duka da unguwanni da dama na bayan ganuwa.

Sa'an nan akwai wata ɗabi'a ta FM ita kanta. A matsakaicin zango, in tashoshi biyu sun haɗu, ana jin su duka a cakuɗe. Akwatin FM kuwa yakan kama wadda ta fi ƙarfi ya yi watsi da ɗayar gaba ɗaya, ko da fifikon kaɗan ne. Edwin Armstrong, Ba'amurken da ya yi rajistar wannan fasaha a 1933, ya ƙirƙiro ta ne don ta kawar da ƙarar tsawa da ta injuna, kuma ta yi hakan. Sai dai akwatin bai san bambanci tsakanin ƙara da tasha mai rauni ba. Shi ya sa a kan iyakar tashoshi biyu, taku ɗaya ko juya eriya kan sauya murya.

Katsalandan yana da fuskoki da dama. Mafi sauƙin ganewa shi ne tashoshi biyu a kan lamba ɗaya, ko a lambobi masu maƙwabtaka. Wani kuma daga zarin tasha yake zuwa: in aka ƙure sauti don a fi kowa amo, igiyar takan zarce kilohaz 75 ɗin nan ta fantsama cikin gurbin maƙwabciya. Na'urar da ba ta da matata mai kyau kuma takan fitar da wata igiya a ninkin lambarta. Ninki biyu na megahaz 100 shi ne 200, wanda ya faɗa cikin filin talabijin na megahaz 174 zuwa 230.

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari, domin rai ne a ciki. Daga megahaz 108, daidai inda zangon FM ya ƙare, filin jiragen sama ya fara, har zuwa 137. Kashin farko, 108 zuwa kusan 112, a nan ne na'urar da ke nuna wa matuƙi tsakiyar titin sauka take aiki, lokacin da hazo ko ƙura suka rufe masa ido. In igiyoyi biyu masu ƙarfi suka haɗu a cikin na'ura ɗaya, sukan haifi ta uku wadda ba wanda ya watsa ta. Ana gano lambarta ta hanyar ninka ta farko sau biyu a debe ta biyu. Alal misali, da lambobin da aka ɗauko don darasi kawai: 106.1 sau biyu ya ba da 212.2, a debe 101.1, saura 111.1. Ga tashoshi biyu, kowace na zaune a gurbinta, amma 'yarsu ta shiga filin jirgi. Garin da ke da filin jirgin sama kamar na Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma yake shan hazon hunturu kowace shekara, ba zai ɗauki wannan lissafi da wasa ba.

Wa ke raba gurabe?

Kafin 1992, gwamnati kaɗai ke da gidajen rediyo a Nijeriya. A watan Agustan shekarar, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, da Doka ta 38, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ya fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ban da gwamnati, ba mai mallakar tashar rediyo ko talabijin sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Dokar sadarwa ta 2003 kuma ta kafa majalisar da ke kasafta dukan zangunan ƙasa, ta miƙa wa NBC kason watsa shirye-shirye.

Jama'a sun fi sanin NBC da tara da gargaɗi a kan abin da aka faɗa a iska. Aikinta da ba a cika gani ba, na injiniyoyi, shi ne ya shafi wannan darasi. Lasisi ba izinin magana ba ne kawai: yana tafe da lamba, da wurin kafa hasumiya, da iyakar ƙarfin na'ura. Mai tashar da ya ƙara wat a ɓoye ya ci iyakar gonar wani ne, ko da kuwa wa'azi yake watsawa.

Amurka ce ta fi kowa gogewa da rigimar 'yan aike. Hukumarta ta FCC ta halatta su a 1970 (daga baya ta ƙayyade ƙarfinsu kada ya wuce wat 250), ta kuma ajiye su a matsayi na biyu: in 'yar aike ta dami cikakkiyar tasha, ita za ta gyara ko ta yi shiru. Da aka ba tashoshin matsakaicin zango damar amfani da su a 2009, sai suka yawaita, ƙorafi ya yawaita tare da su. A 2019 hukumar ta sake tsari. Tashar da ke kuka sai ta kawo koken masu sauraro na haƙiƙa, daga 6 zuwa 25 gwargwadon yawan jama'ar yankinta, kuma ba a karɓar koke daga wurin da muryarta ta riga ta yi rauni ƙwarai. An kuma sauƙaƙa wa 'yar aike ƙaura zuwa wata lamba. Abin sha'awa a wannan tsari shi ne kunnen mai sauraro ya zama hujja a gaban hukuma, ba awon injiniya kaɗai ba.

Katsina na da wata matsala da dokar Abuja ba ta isa ta warware ita kaɗai ba. Maraɗi tana nan kimanin kilomita 90 ta hanyar Jibiya, igiyar rediyo kuwa ba ta tsayawa a shingen kwastan. Ƙasashen biyu ma ba su bi hanya ɗaya ba: Nijar ta buɗe rediyon karkara mai ƙaramin ƙarfi tun 1999 a Bankilare, Nijeriya kuwa sai 2015 ta amince da lasisin farko guda 17 na rediyon al'umma. Abin da ke hana rikici shi ne yarjejeniyar Janeba ta 1984, ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ta tsara rabon zangon FM ga Afirka da Turai da wani yanki na Asiya. A ƙarƙashinta, ƙasar da za ta kafa sabuwar tasha kusa da iyaka sai ta nemi yardar maƙwabciyarta. Da gurabe suka yi ƙaranci, ƙasashen Afirka suka sake zama, a 2022 aka bayyana samun sababbin gurabe fiye da 18,000.

Duk da wannan tsari, yanayi kan yi nasa. A daren hunturu ƙasa takan huce da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta. Irin wannan shimfiɗa tana lanƙwaso igiyar FM ta bi doron ƙasa, ta wuce iyakarta ta kullum. Tashar da ba a ji da azahar sai ta bayyana da asuba, in kuma lambarta ta zo ɗaya da ta gida, su yi karo har rana ta ɗaga. A nan ba wanda ya karya doka.

Aikin aji

Malamin kimiyya na iya gwada duk wannan da akwatin rediyo ɗaya mai nuna lamba. A raba ɗalibai rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya bi zangon daga 87.5 zuwa 108, ya rubuta kowace tasha da lambarta, ya ba ta maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon tsabtar murya. A yi haka da ƙarfe 6 na safe, a maimaita da ƙarfe 2 na rana, har mako guda, a cikin Disamba ko Janairu. Rukuni ɗaya ya yi nasa a tsakar gida cikin birni, wani a saman bene, wani a bayan gari ta hanyar Jibiya ko ta Daura. A ƙarshe a ɗauki tashoshi biyu mafiya ƙarfi a jerin, a ninka lambar ɗaya sau biyu a debe ta ɗayar, sa'an nan a juya su a sake, a duba ko amsar ta faɗa cikin zangon FM, ko ta tsallaka 108.