Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Darasi domin iyali a kan ambaliya da ciwon amai da zawo

Ɗan'uwa mai karatu, ka tara mutanen gidanka kafin ka fara wannan darasi. Uwargida da yara su ne masu ɗebo ruwa, maganar kuwa ta ruwa ce.

A farkon watan Yuli na 2018 aka kawo mutum uku 'yan gida ɗaya asibitin Nyelwa, a nan ƙasar Madarunfa, suna amai da zawo. Daga Jibiya suka fito. Ciwon kwalara ke nan. Kafin farkon Oktoba ya kama mutum fiye da 3,600 a Nijar, 68 suka rasu, ba kuwa inda ya yi ɓarna kamar wajenmu. Kada fa ka ɗora wa mutanen Jibiya laifi. Gulbinmu ɗaya, kasuwanninmu ɗaya, muna aurayya da juna. Ban da haka, yawancin waɗanda ƙwayar ciwon ta shiga cikinsu ba su kwanta ba. Suna yawo lafiya lau, amma tana fita cikin bayan gidansu, wani har kwana goma. Mai yiwuwa kai ne, mai yiwuwa ni ne.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutum ya zaga bayan gari, ruwan sama ya kwashe ƙazantar ya zuba a tafki ko a rijiyar da ba ta da baki. In ambaliya ta zo, masai ya cika ya tumbatsa, ruwansa da na sha su zama ɗaya. Kun tuna da daminar 2024. Ran 30 ga Agusta aka yi ruwan da ya rushe gidaje cikin birnin Maraɗi, a ƙasar duka kuwa an rasa rai kusan 400 a wannan damina, waɗansu ruwa ya ci su, waɗansu gini ya faɗa musu. Sa'ad da ruwa ya janye mukan ce wahala ta wuce. Ashe lokacin ne ciwo yake neman ƙofa.

Na sha jin ana cewa rai a hannun Allah yake, me ya kawo shiri? Hakika a hannunsa yake. Amma ka karanta Farawa sura 41. Allah ya nuna wa Yusufu yunwa tana zuwa, Yusufu bai naɗe hannu ba, shekara bakwai ya yi yana tara hatsi. Kai ma kana dogara ga Ubangiji, duk da haka kana da rumbu.

To, me za a tara? Abu na fari shi ne sani. Kwalara tana kashe mutum ne ta wurin tsiyaye ruwan jikinsa. Zawon fari ne kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, fata in an tsungule ta ba ta komawa da sauri, ƙafafu su ɗaure. Ƙato mai noma da safe, kafin dare ya iya ƙarewa. Amma in aka mayar wa jiki ruwan da ya rasa da wuri, cikin mutum ɗari da wuya a rasa ko ɗaya.

Maganin yana cikin ɗakinki, uwargida. Ki sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, wanda aka tafasa ya huce. Ki zuba sukari cokalin shayi shida, a shafe ba a tule ba, da gishiri rabin cokalin shayi. Ki dama, ki ɗanɗana. Kada ya fi hawaye gishiri, gama gishiri mai yawa yana cutar yaro. A ba mara lafiya kaɗan kaɗan ba fasawa. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo. In akwai ƙunshin garin da ake bayarwa a asibiti, shi ya fi, sai ku nemi ko biyar ku ajiye tun rani. Mai goyo kada ta janye nono.

Kada ku raina wannan abu domin arharsa. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya kuwa ya kasa. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa dangi su riƙa shayar da masu ciwo ruwan gishiri da sukari. Mutuwa ta sauko daga wajen 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Amma ruwan nan guzurin hanya ne, bai hana zuwa asibiti ba. A nan muka fi yin kuskure. Ana jiran gari ya waye, ana jiran maigida ya dawo daga gona, ana jin kunyar maƙwabta su sani. Tun yau ku shirya: babur ɗin wa za a ɗauka, amalanken wa, wace hanya ce ba ta yankewa in gulbi ya kawo, kuɗin mai yana hannun wa. Maigida, ka faɗa wa matarka a gaban yara cewa in ba ka nan ta tafi, ba sai ta jira izini ba. A riƙa shayar da mara lafiya har a kan hanya.

Sauran shirin ba wuya. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, guga kada ya kwana a ƙasa. Randa a rufe, moɗa ɗaya mai mariƙi, ba mai tsoma hannu. Da damina a tafasa ruwan sha, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, a jira rabin awa. A wanke hannu da sabulu bayan an zaga da kafin cin abinci, in babu sabulu, toka. Takardun haihuwa da na asibiti a ƙulle cikin leda a rataye sama. Daren da aka yi ruwa mai yawa bango ya jiƙe, ku fita, kada ku tsaya domin kaya.

Akwai magana ɗaya mai nauyi, dole in faɗe ta. In wani ya rasu da wannan ciwo, gawarsa da tufafinsa da tabarmarsa suna ɗauke da ƙwayar. Mun saba mu wanke namu da hannunmu, mata su ɗora tukunya domin masu zuwa gaisuwa, a ci a kwano ɗaya. Na sani barin wannan yana da zafi. Amma ku bar ma'aikatan lafiya su shirya gawar da magani, wanda ya taɓa ta kuwa kada ya taɓa abincin jama'a. Addu'a da waƙa a bakin kabari ba wanda ya hana.

Da kun gama karatu, uwargida ta ɗauko cokali da kwalbar lita, babban yaro ya haɗa ruwan a gaban kowa, kowa ya ɗanɗana. Ran Lahadi ku zo da cokulanku majami'a mu gwada su, gama na lura cokalin wani gida ya yi biyun na wani.